Ƙasar Indiya Da Jingar Aikin Kwamfuta: Ina Aka Fito, Ina Aka Dosa?

Cikin shekarar 1991 baitulmalin ƙasar Indiya ya ƙafe, har ta kai ga kuɗin waje da suka rage a hannun babban bankinta ba za su iya biyan kayan da take sayowa daga ƙetare na makonni uku ba. Yaƙin Tekun Fasha ya tayar da farashin man fetur, dubban Indiyawa da ke aiki a Kuwaiti suna aiko da kuɗi gida sun gudo, ga kuma Tarayyar Sobiyet, babbar abokiyar cinikinta, tana kan wargajewa. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai gwamnati ta ɗebi zinariyar ƙasa har tan 67 ta kai jingina Ingila da Suwizalan don a ba ta rance. A watan Satumba na 2024, wannan asusu da ya taɓa ƙafewa ya haura dala biliyan 700. Dalilan wannan juyi suna da yawa, amma babu mai musun cewa ɗaya daga cikin manyansu ita ce wata haja da ba ta bi ta tashar jirgin ruwa, ba a loda ta a mota, ma'aikacin kwastan kuma ba ya ganinta, watau rubuta manhajar kwamfuta da kula da ita domin kamfanonin Amurka da Turai.

To, sai dai shekarar 2025 ta zo wa wannan sana'a da labarai biyu marasa daɗin ji. A watan Yuli kamfanin Tata Consultancy Services, wanda ake kira TCS a taƙaice, mafi girma a wannan fage, mai ma'aikata kimanin 600,000, ya ba da sanarwar zai sallami mutum kusan 12,000. A watan Satumba kuma Shugaba Donald Trump na Amurka ya ɗora kuɗi dala 100,000 a kan sabuwar takardar neman bizar ƙwararru da ake kira H-1B, bizar da kusan kashi 70 cikin ɗari na masu samunta Indiyawa ne. Saboda haka ya dace mu tsaya mu dubi yadda sana'ar ta tsiro, da abin da ta tsinana wa Indiya, da abin da ta kasa tsinana mata, musamman ganin cewa a nan gida ma da wuya a tashi maganar samar wa matasa aikin yi ba a kira sunan Indiya ba.

ABIN DA AKE SAYARWA

Cinikin bai bambanta da jinga da muka sani ba. Mai gona ya ga noma ya fi ƙarfinsa, riƙe barori na dindindin kuma zai yi masa tsada, sai ya yanka wa 'yan ƙodago kuɗi su nome masa. Haka wani babban banki ko kamfanin inshora ko na jiragen sama a Amurka yake da ɗaruruwan manhajoji, watau jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta don ta lissafa albashi, ta riƙe ajiyar jama'a, ta sayar da tikiti. Waɗannan manhajoji kullum suna bukatar gyara da gwaji da ƙari. Maimakon bankin ya ɗauki injiniyoyi dubu a kan albashin Amurka, sai ya ba wani kamfanin Indiya kwangilar. Shi kuwa kamfanin Indiya ana biyansa ne bisa yawan mutanen da ya sa a aikin da yawan sa'o'in da suka yi. Mai karatu ya riƙe wannan magana da kyau, domin ita ce ƙashin bayan labarin duka: abin da Indiya take sayarwa shi ne sa'o'in 'ya'yanta. A shekarun 1990 albashin injiniya a Indiya bai kai kashi ɗaya cikin biyar na takwaransa a Amurka ba. Wannan tazara ita ake rabawa uku. Bankin ya sami sauƙi, kamfanin Indiya ya ci riba, injiniyan kuma ya karɓi albashin da ya ninka na mahaifinsa malamin makaranta ko akawun gwamnati.

Har bambancin lokaci ma ya zama jari. Indiya tana gaban birnin New York da sa'o'i tara da rabi ko goma da rabi, gwargwadon lokacin shekara, don haka in ma'aikaci a can ya tashi da yamma ya bar wata matsala, kafin ya farka an kwana ana gyara ta a Bangalor.

RUWA BA YA TSAMI BANZA

Akwai wata magana da 'yan kasuwar Indiya suke son faɗa, wai sana'ar ta bunƙasa ne domin gwamnati ba ta fahimce ta ba, balle ta kafa mata ofis da fom-fom. Maganar tana da daɗin ji, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma rabin labari ce. Injiniyoyin da ake sayar da sa'o'insu ba daga sama suka faɗo ba. Firayim Minista na farko, Jawaharlal Nehru, shi ya dage a kafa manyan cibiyoyin koyon fasaha da ake kira IIT. Ta farko an buɗe ta a Kharagpur a 1951, sa'an nan ta Bombai da taimakon Tarayyar Sobiyet, ta Madras da taimakon Jamus ta Yamma, ta Kanpur da taimakon jami'o'in Amurka, ta Delhi kuma da taimakon Birtaniya. An soki wannan shiri ƙwarai. Masu suka suna cewa ina hikimar matalauciyar ƙasa ta zuba dukiya a kan 'yan tsiraru alhali ƙauyuka ba su da makarantun firamare, ga shi kuwa yaran da an gama koya musu sai su hau jirgi su tafi Amurka. Sukar tana nan da ƙarfinta har yau, za mu kuma dawo kanta. Sai dai waɗancan da suka tafi, bayan shekaru ashirin su ne suka zama manyan manajoji a kamfanonin Amurka, su ne kuma suka iya ce wa iyayen gidansu, ku gwada ba mutanenmu wannan aiki.

Shi ma birnin Bangalor, wanda tun 2014 sunansa a hukumance Bengaluru, gwamnati ce ta share masa fage. Akwai cibiyar binciken kimiyya a can tun 1909, da masana'antar jiragen sama tun 1940, da kamfanin Bharat Electronics na kayan lantarki tun 1954, sa'an nan hedkwatar hukumar binciken sararin sama. Duk injiniyoyi ne suke cika waɗannan wurare. Daga baya jihohin kudu irin su Karnataka da Andhra Pradesh da Tamil Nadu suka ƙyale 'yan kasuwa su buɗe kwalejojin injiniya masu zaman kansu, waɗanda a gaskiya su ne suka samar da galibin ma'aikatan sana'ar. Ga kuma Turanci da mulkin mallaka ya bari, wanda ya zama harshen manyan makarantu a ƙasar da ke da harsuna barkatai.

An kafa TCS a 1968, kuma a ƙarƙashin wani injiniya mai suna F. C. Kohli ya fara yi wa kamfanin Burroughs na Amurka aiki a tsakiyar shekarun 1970. A 1978 kamfanin IBM ya tattara nasa ya nasa ya bar Indiya, domin ya ƙi bin dokar da ta ce kamfanin waje ya rage hannun jarinsa zuwa kashi 40 cikin ɗari. Gurbin da ya bari ya jawo 'yan gida, har da wani kamfanin man girki mai suna Wipro, wanda Azim Premji ya gada daga mahaifinsa a 1966, ya juya ya shiga harkar kwamfuta. A 1981 kuma injiniyoyi bakwai ƙarƙashin Narayana Murthy suka kafa Infosys a birnin Pune da jarin rupi 10,000, wanda Murthy ya ranto daga matarsa. Ya sha ba da labarin irin jeka-ka-dawo da suka yi zuwa Delhi kafin a ba su lasin shigo da kwamfuta guda, da dogon jiran da suka yi kafin su sami layin tarho.

Rajiv Gandhi ne ya fara sassauta igiyar a 1984, da ya rage harajin shigo da kwamfuta ya kuma amince cewa rubuta manhaja masana'anta ce. Bai sha da daɗi ba, domin ƙungiyoyin ƙodago sun tashi haiƙan suna cewa na'urar za ta cinye aikin akawu. Abin dariya, da aka zo saka kwamfuta a bankuna sai da aka sāke mata suna, aka kira ta injin cika littafin lissafi, don kada rigima ta tashi. A 1985 kamfanin Texas Instruments na Amurka ya buɗe reshe a Bangalor da tasa na'urar magana da tauraron ɗan'adam, har akwai sanannen hoto na kayan na'urar a kan amalanken shanu ana kai su ofis.

DAGA CI-RANI ZUWA ZAMAN GIDA

A wancan zamani galibin aikin ci-rani ne. Kamfanin Indiya ya ɗebi samari ya tura su Amurka su zauna a ofishin mai kwangila na wata shida ko shekara, su cunkushe a ɗaki ɗaya don tattali, shi kuma ya karɓi kuɗin ya ba su ɗan abin da ya ba su. Har an raɗa wa abin suna mai kama da cinikin jikin mutum, kuma ba yabo ba ne. Bizar H-1B, wadda dokar Amurka ta 1990 ta ƙirƙiro da adadin 65,000 a shekara, ita ce ƙofar wannan ci-rani.

Rikicin 1991 shi ya canza fasalin abin. Firayim Minista Narasimha Rao da ministan kuɗinsa Manmohan Singh suka karya darajar rupi, suka soke yawancin lasin da ke ɗaure masana'antu. Karya darajar kuɗi azaba ce ga mai sayo kaya daga waje, amma ga wanda ake biya da dala yana biyan ma'aikatansa da rupi, gaba ta kai shi. A shekarar ce kuma aka kafa hukumar dandalin manhaja ta STPI, wadda ta ba ƙananan kamfanoni layin tauraron ɗan'adam, da izinin shigo da na'urori ba haraji, da yafe harajin riba a kan abin da aka sayar waje. Wannan yafiya ba ta ƙare ba sai a 2011. Da layin ya samu, sai ya zama ba dole ne mutum ya tafi ba, aikin ne zai zo ya same shi a gida.

Sa'an nan faɗuwa ta zo daidai da zama. Tsofaffin manhajojin da aka rubuta a shekarun 1960 da 1970 suna rubuta shekara da lamba biyu ne kawai don tattalin wuri, watau 99 maimakon 1999. Aka shiga fargabar cewa ranar ɗaya ga Janairu ta 2000 kwamfutoci za su ɗauka an koma 1900, lissafin bankuna da na fansho ya rikice. Wannan ita ce matsalar da aka kira Y2K. Maganinta ba ya bukatar wata gagarumar basira, sai haƙuri: a bi miliyoyin layukan umarni ɗaya bayan ɗaya, cikin wani tsohon harshen kwamfuta mai suna COBOL da samarin Amurka suka daina koyo, a gyara. Aiki ne mai gundura kamar tsince tsakuwa a shinkafa, Indiya kuwa tana da masu tsincewa. Ribar da ta fi kuɗin aikin ita ce, bayan an gama, kamfanonin Indiya sun san ciki da wajen manhajojin manyan bankunan duniya, kamar maginin da ya san inda kowane bututu ya bi a cikin gida. In wani abu ya lalace, wa za a kira in ba shi ba?

Ko da kasuwar kamfanonin intanet ta rushe a Amurka a 2000 da 2001, abin bai yi wa Indiya illa mai tsawo ba. Kamfanonin da ke neman rage kashe kuɗi sun ƙara turo aiki, wayoyin ƙarƙashin teku da aka shimfiɗa da tsada kuma suka faɗi warwas, har kamfanonin Indiya suka saye wasu da araha, irin yadda rukunin Tata ya sayi na kamfanin Tyco a kan dala miliyan 130. Abin da Indiya ta sayar na manhaja a 1991 bai kai dala miliyan 200 ba. Shekaru goma bayan haka ya haura dala biliyan 6.

RIBAR DA AKA CI

Bisa ƙididdigar ƙungiyar kamfanonin, watau NASSCOM, wadda aka kafa a 1988, sana'ar ta yi cinikin fiye da dala biliyan 250 a shekarar kuɗi ta 2024, kusan biliyan 200 daga ciki na ƙetare ne, tana kuma ɗauke da ma'aikata fiye da miliyan 5. Indiya tana sayo fiye da kashi 85 cikin ɗari na ɗanyen man da take amfani da shi, amma kuɗin manhaja sun fi ƙarfin wannan lissafi. Ƙasar da ba ta da rijiyoyin mai na kirki ta sami abin da ke biya mata kuɗin mai, kuma wannan kaɗai ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma ribar da ba ta shiga littafin banki. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan mata ne, da yawansu su ne na farko a danginsu da suka riƙe albashin kansu. Infosys ya raba wa ma'aikatansa hannun jari, a 1999 kuma ya zama kamfanin Indiya na farko da ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq a Amurka, abin da ya nuna wa samari cewa ɗan malamin makaranta zai iya kafa kamfani ba tare da ya gaji dukiya ko ya san minista ba. Ƙwarewar ta kuma koma ta amfani gida. Nandan Nilekani, ɗaya daga cikin mutum bakwai na Infosys, shi ya jagoranci shirin lambar shaidar ɗan ƙasa ta Aadhaar daga 2009, a kan wannan tushe kuma aka gina hanyar biyan kuɗi ta wayar hannu mai suna UPI a 2016, wadda tun 2023 take ɗaukar ciniki fiye da biliyan 10 a kowane wata, har da na mai shayi da mai sayar da kayan miya. Mu ma nan abin ya taɓa mu ba tare da mun lura ba, domin bankunan Nijeriya da yawa suna riƙe lissafin ajiyarmu ne da manhajar Finacle ta Infosys, ko kuwa Flexcube, wadda ita ma a Indiya aka ƙera ta kafin kamfanin Oracle ya saye ta.

ABIN DA TA KASA YI

Mutum miliyan 5 adadi ne mai yawa, sai an tuna cewa masu aiki a Indiya sun haura miliyan 500. Watau a cikin kowane mutum ɗari mai neman abinci, ɗaya ne kawai yake cikin wannan sana'a, alhali fiye da arba'in har yanzu suna gona. Ƙasashe irin su Koriya ta Kudu da Sin sun fitar da talakawansu daga ƙauye ta hanyar masaƙu da masana'antun ƙera kaya, inda yarinyar da ta gama firamare za ta iya samun aiki cikin mako guda. Ƙofar Indiya kuwa sai mai digiri da Turanci. A nan ne sukar da aka yi wa Nehru take dawowa: ƙasar ta gina bene tun ba ta gama ƙasa ba. Ɗan manomi daga jihar Bihar ko Uttar Pradesh yakan shiga harabar kamfanin manhaja, amma a matsayin maigadi ko direba ko lebura. Waɗannan ayyuka na gefe suna da yawa, ba kuma abin rainawa ba ne, sai dai ba su ne ake nuna wa baƙi ba.

Sana'ar ta kuma taru a 'yan birane: Bangalor, Haidarabad, Chennai, Pune, Mumbai da kewayen Delhi. Kamfanonin sun gina harabobinsu kamar tsibirai, da janaretocinsu da rijiyoyinsu da motocin kwasar ma'aikatansu, domin mai kwangila a Amurka ba ya karɓar uzurin an ɗauke wuta. Abin da ke wajen katanga kuwa aka bar shi yadda yake. Bangalor tana da mutum kimanin miliyan 4 a 1991, yanzu ta ninka haka sau uku, an cike tafkunanta an yi gini a kai. A watan Satumba na 2022 ambaliya ta mamaye unguwannin kamfanonin har aka ga injiniyoyi suna tafiya aiki a kan taraktoci. A watan Maris na 2024 kuma akasin haka ya faru, kusan rabin rijiyoyin burtsatse na birnin suka ƙafe, masu albashin dala suna bin layin tankar ruwa tare da kowa.

Babban rauni dai yana cikin lissafin cinikin kansa. TCS ya yi cinikin kimanin dala biliyan 30 a shekarar kuɗi ta 2025 da mutum 600,000, watau kowane ma'aikaci ya kawo wajen dala 50,000. Kamfanin Microsoft, wanda tun 2014 ɗan asalin Indiya ne, Satya Nadella, yake shugabanta, ya yi cinikin dala biliyan 245 a 2024 da ma'aikata ƙasa da 230,000, watau fiye da dala miliyan ɗaya kowane mutum. Bambancin shi ne ɗaya yana da kayansa da yake sayarwa sau miliyan, ɗaya kuma gonar wani yake nomewa. Wanda ke sayar da sa'o'i ba ya ƙaruwa sai ya ƙara mutane, ba ya kuma riƙe ribarsa sai ya danne albashin na ƙasa. Shi ya sa albashin sabon ɗauka a manyan kamfanonin ya tsaya a wajen rupi 350,000 a shekara fiye da shekaru goma, alhali kuɗin haya da na abinci suna ta hawa. Da Narayana Murthy ya ce a 2023 ya kamata matasan Indiya su riƙa aikin sa'o'i 70 a mako, martanin da ya sha daga matasan ya nuna cewa sun iya lissafi.

Ba a rasa ɓaraka ba kuma. A watan Janairu na 2009 shugaban Satyam, kamfani na huɗu a girma a lokacin, Ramalinga Raju, ya amsa da bakinsa cewa kuɗi kimanin dala biliyan ɗaya da littattafan kamfanin suka nuna babu su. Gwamnati ta yi maza ta naɗa sabbin daraktoci aka sayar da kamfanin cikin 'yan watanni, domin ta san in amana ta zube, sana'ar duka ce za ta zube.

GIZAGIZAN DA SUKA TASO

A ganinmu, cikin labarai biyun nan na 2025, na biza shi ne ƙarami. Fiye da rabin cinikin sana'ar daga Amurka yake zuwa, don haka duk tarin da Washington ta yi sai Bangalor ta ji a ƙirjinta, amma manyan kamfanonin sun daɗe suna rage dogaro da bizar, suna ɗaukar 'yan ƙasa a can. In aka tsananta wa mutum shiga, babu abin da zai hana aikin fitowa ya same shi. Hasali ma kamfanonin waje sun koyi yanke dillali, suna buɗe nasu ofisoshin a Indiya kai tsaye. Ya zuwa 2024 irin waɗannan cibiyoyi sun haura 1,700, da ma'aikata kusan miliyan 2. Wannan asara ce ga TCS da Infosys, amma ga Indiya ba asara ba ce.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ƙirƙirarriyar basira, watau manhajojin da tun ƙarshen 2022 suka nuna suna iya rubuta umarnin kwamfuta da gwada shi da fassara shi daga tsohon harshe zuwa sabo. Ginin kamfanin jinga kamar dala yake, ƙwararru kaɗan a sama, dubban sababbin ɗauka a ƙasa suna yin aikin tsince tsakuwa, kuma daga sa'o'in waɗannan na ƙasa riba take fitowa. In na'ura ta sa mutum uku suka yi aikin mutum biyar, mai kwangila zai ce a rage masa kuɗi, kuma yana da gaskiya. A shekarar kuɗi ta 2024 ma'aikatan TCS da Infosys da Wipro a haɗe sun ragu da kusan 64,000. Adalci ne a faɗi cewa ba na'urar kaɗai ta jawo haka ba, domin kamfanonin sun ɗebi mutane fiye da kima a lokacin annobar korona, hauhawar kuɗin ruwa a Amurka kuma ta sa masu kwangila sun tsuke aljihu. TCS ma da ya yi sallamar 2025 cewa ya yi ƙwarewar mutanen ce ba ta dace da sabon aiki ba. Ko ma mene ne, ƙwararren da ya shekara goma sha biyar yana aiki zai sami wurin zama, domin har yanzu sai an sami mai duba abin da na'urar ta rubuta, mai kuma ɗaukar laifi in ta yi kuskure. Wanda ke cikin haɗari shi ne yaron da iyayensa suka sayar da gona ko suka ci bashi suka kai shi kwalejin injiniya a wani ƙaramin gari, da fatan zai hau matakalar daga ƙasa kamar yadda yayyensa suka hau. Matakin farkon ne na'urar take ci.

Wannan ya shafi masu son bin sawun Indiya. Ƙasar Filifin ta shiga ta ƙofar amsa tarho, har ta zarce Indiya a wannan fanni wajen 2010, amma shi ma aiki ne da na'ura ta fara koyo. A Nijeriya gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin horar da matasa miliyan 3 kan fasahar zamani a 2023, a watan Maris na 2024 kuma Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya ƙaddamar da wani shiri na jawo irin wannan jinga a Gombe. Muna da abin tinƙaho: Turanci, da matasa masu yawa, da agogon da bai wuce sa'a ɗaya tsakaninsa da na Landan ba. Kamfanin Outsource Global da Amal Hassan ta kafa, mai ofisoshi a Abuja da Kaduna, ya nuna cewa ana iya yi wa kamfanonin ƙetare aiki daga Arewa. Amma tsakanin buɗe IIT ta farko da tashin sana'ar a Indiya shekaru arba'in ne cur, kuma kwas na wata uku ba ya maye gurbin jami'ar da ke buɗe ba yajin aiki. Tun kafin zuwan sababbin na'urorin ma, kamfanin Andela da aka kafa a Legas a 2014 don horar da masu rubuta manhaja ya sallami ƙananan injiniyoyi kimanin 400 a 2019, yana cewa kasuwa ƙwararru take nema. Saboda haka in masu waɗannan shirye-shirye suka zo ba da rahoto, adadin waɗanda aka ba takardar shaida ba zai gamsar ba. A tambaye su mutum nawa ne wani kamfanin waje ya biya kuɗi, a kan wane irin aiki, kuma ko ya sabunta kwangilar a shekara ta biyu.